Sunan Garin da Iya Ta Baro

Indiyawa ne suka tona mini asiri, kuma ba da gangan suka yi ba. A benen da muke haya yanzu akwai wani Ba'indiye mai aiki a kantin magani, shi da matarsa da 'ya'ya biyu. Babbar 'yarsu sa'ar jikata ce, 'yar autana, kullum suna manne da juna kamar ƙuda da mangwaro. Duk Asabar da hantsi sai in ga an yi wa yaran nan ado an zuba su a mota. Jikata ta ce mini warsha suke zuwa. Na ce wace irin mota ce ta lalace da za a kwashi yara da turare zuwa gareji? Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ba irin wannan ba, taro ne da ake koya musu al'adun ƙasarsu. Da ta matsa wa ubanta ya bar ta ta bi ƙawarta, sai aka ɗora mini rakiya, tunda ni ne marar aikin yi a gidan.

Wani ɗakin taro ne suka kama a bayan gari, can wajen Muzdalifa, inda in ba lokacin aikin Hajji ba babu abin da za ka gani sai fili da dogayen fitilu. Iyaye maza muka zauna a baya. Malamar wata dattijuwa ce mai tabarau, Larabcinta a karye amma ba ta jin kunyarsa. Ta sa yara sun zana taswirar Indiya a ƙasa da shinkafa mai launi da wake. Kowane yaro ya je ya tsaya a kan yankin kakanninsa, ya faɗi sunan garin, da kogin da ya ratsa shi, da yaren da ake yi, da abin da ake dafawa ranar Sallah. Wani ya ba da labarin masallacin katako da kakansa ya yi limanci a bakin teku. Wata ta faɗi yadda kakarta ke aika wa maƙwabtansu da ba Musulmi ba abincin Sallah, su ma su aiko a ranar bikinsu. Suka rera waƙar ƙasarsu a tsaye, sannan malamar ta sa su zauna shiru, idanu a rufe, kowa ya yi wa kakanninsa addu'a da sunansu. Yaran nan fa a nan Makka aka haifi yawancinsu. Ina zaune raina yana ɓaci, ina ce wa kaina mene ne na koyar da tuta da taswira a garin da kowa baƙon Allah ne? Ban kai ƙarshen tunanin ba malamar ta yafito jikata.

"Ke fa, baƙuwarmu, ina ne garinku?"

"Makka."

"Mu ma Makka. Kafin Makka fa?"

Yarinyar ta waiwayo ta dube ni. Na sunkuyar da kai ina gyara carbi. Can ta ce, "Afirka." Wani yaro ya ce ai Afirka ba gari ba ne, sauran suka ƙyalƙyale. Malamar ta tsawata musu, ta dafa kafaɗarta ta ce Asabar mai zuwa fili nata ne, ta zo musu da sunan garin kakanninta da hanyar da suka biyo.

A mota ba ta ko kalli ƙawarta ba. Da Larabci take mini magana, don Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba, kuma Sidi take kirana yadda 'yan Hijaz ke kiran kaka.

"Sidi, mene ne sunan garin?"

"Amarya, ai garin miji shi ne garinki. Inda nake nan ne."

"Ni ba wasa nake yi ba. Dariya suka yi mini."

"Ƙasar Hausa ne. Wajen Haɗeja."

"Sunansa nake so. Kowa ya faɗi nasa."

Wallahi na neme shi kamar yadda ake neman allura a yashi, ban same shi ba.

Da ba haka muke ba. Na tashi a wata unguwa ta kan dutse, wadda yanzu ko tsakuwarta ba ta rage ba, an fasa dutsen an dasa otal-otal. Gidajen langa-langa ne da duwatsu, wani a kan wani, hanyar ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. Abin da ke tashe mu bayan kiran sallah shi ne turmi. Gida ɗaya ya fara, na kusa ya amsa, kafin rana ta fito dutsen gaba ɗaya yana bugawa kamar zuciya. Sai kukan awaki, sai muryar masu ruwa suna hawowa da garwa biyu a sanda, suna neman a ba su hanya. Yanzu in na farka, ƙugin na'urar sanyaya ɗaki nake ji, shekara nawa ban san muryar maƙwabcina na hawa na biyar ba. A lokacin kuwa in aka yi baƙo a gidan ƙarshe, kafin ya sha ruwa an san garinsu da wanda ya haife shi. Mazanmu dako suke yi, in Hajji ya zo su tafi Mina su ɗauki kayan alhazai a ka. Matanmu kuwa gyaɗa ce sana'arsu, a soya, a ƙulla a takarda, a sauka da ita kasuwa. Ɓarar gyaɗar aikin yara ne, kuma a nan makarantar Iya take.

Iya kakata ce, mahaifiyar babana. Da ƙafa ta zo garin nan. Ta baro gida tana amarya, ta iso da furfura. Bayan la'asar in inuwa ta sauko tsakar gida, sai ta shimfiɗa tabarma ta tara mu, nata da na maƙwabta, kowa da tulin gyaɗa a gabansa. Sai ta kwance bakin zanenta ta zubo ƙwallayen dabino, ta jera su a layi daga wannan gefen tabarma zuwa wancan. Kowane ƙwallo zango ne. Yaro ya ɗauki ɗaya, ya faɗi sunan garin da abin da ya faru a can, in ya yi daidai ya ci gyaɗa biyar, in ya kuskure ya sha ranƙwashi. Dikwa, inda aka sace musu jaki. Abeshe, inda ta binne 'yarta ta fari. Fashir, inda ta haifi babana a gindin bishiya ayari yana jiranta. Mai Wurno, inda suka yi noma damina huɗu don su sami abin ci gaba. Sawakin, inda mijinta ya rasu yana kallon tekun da bai ƙetare ba. Ƙwallon farko kuwa ba ta ba kowa. Ita ke riƙe shi a tafin hannu, ta faɗi sunan a hankali, ta yi wa mutanen garin addu'a, sannan a fara. Ni a lokacin gyaɗar nake jira, ba addu'ar ba. Takan ce, "Ku riƙe hanya, 'yan nan. Wanda bai san inda ya fito ba, ko bakin ƙofa aka kai shi sai ya tambaya gidan wa ne." Da ta ga na yi hamma sai ta ce, "Wannan mijin nawa cikinsa ne garinsu."

Ba allo, ba taswira, ba ɗakin haya. Tsohuwar da ba ta san alif ba ta yi abin da Indiyawan nan suke yi yau, tun ba a haifi malamarsu ba. Kuma ba zamani ne ya kashe shi ba, kada wani ya yi mini wannan uzurin. Ni na kashe shi.

Na girma, na yi aure, ina da yara uku, na sami aikin tuƙi a gidan wani mai kula da alhazai. Larabcina ya goge, ina sa farar jallabiya da ɗankwalin maza, in an tambaye ni in ce mu mutanen Jidda ne. Ba abin da na tsana kamar a ce mini Takruni, sunan da suke kiranmu da shi, wanda a bakin wasu yakan fito kamar tofi. Wata rana da yamma ɗan maigidana, saurayi sa'ana da muke shiri, ya ce zai raka ni gida in ɗauko wani mabuɗi da na manta. Na yi ta kawo dalili, ya ƙi, ya ce yana so ya ga gari daga sama. Muka hau dutsen. Muna shiga muka tarar da Iya a tabarma, ta tsufa sosai, yarana uku da na yayata suna kewaye da ita, ƙwallaye a jere, babban ɗana yana rera Abeshe da iya ƙarfinsa. Saurayin ya tsaya, ya yi murmushi ya ce, "A'a, duba ake yi a gidanku? A duba mini ni ma, yaushe zan yi aure?"

Ban san lokacin da na hau tabarmar da takalmi ba. Na sa ƙafa na watsa ƙwallayen, wasu suka faɗa cikin gyaɗa, wasu suka gangara kwata. Na daka wa yarana tsawa su shiga ɗaki. Sannan na juya na ce wa baƙona da Larabci, "Rabu da ita, wata tsohuwar maƙwabciya ce, ta rikice."

Iya tana jin Larabci. Ta sha kasuwar garin nan shekaru fiye da nawa a duniya. Ba ta dube ni ba. Ta juya wajen yayata ta ce, "Miƙo tsintsiya, maƙwabciya za ta share wa maigida tsakar gida kafin ta tafi."

Ba ta tafi ko'ina ba, a gidan ta rasu bayan Hajji uku. Amma ba ta sake kwance bakin zanen nan ba, kuma ba ta sake kirana mijinta ba. In na gaishe ta sai ta ce, "Lafiya lau, maƙwabci." Maimakon in durƙusa, sai zuciya ta ɗebe ni na ƙara da doka, na ce daga yau ba mai yi wa 'ya'yana Hausa. Na ce gata nake yi musu, kada a yi musu dariya a makaranta. Matata, Allah Ya jiƙanta, ta yi kuka ta bi. Shi kuwa saurayin da na yi dominsa, washegari kowa a gidansu ya san inda nake kwana, har na bar aikin Takruni suke kirana. Na sayar da kakata, ban ko sami kuɗin goro ba. Ga shi dariyar da na guje wa 'ya'ya ta zo ta sami jika, a gabana, ina riƙe da carbi.

Abin da ke ƙara ƙona mini rai, ba ni kaɗai ba ne. Mu nawa ne a garin nan? In biki ne za mu cika ɗakin taro mu ƙoshi da shinkafa da rago, amma a tara yara sa'a ɗaya a gaya musu su wane ne, babu mai lokaci. Na kira tsofaffi biyu da muka tashi tare ko suna tuna garin Iya. Ɗaya ya ce shi ko na tasa kakar bai riƙe ba. Ɗayan ya ce, "Kai da ka ce daga Jidda kake, me ya kai ka tono?" Ɗana kuwa, uban yarinyar, cewa ya yi a duba waya a zaɓi kowane gari a ba ta, wa zai bincika? Na kusa zaginsa, sai na tuna wanda ya koya masa.

Mutum ɗaya ya rage, ita ce Yaya, yayata ɗin nan. Tana unguwar Utaibiyya a wani tsohon bene, mijinta ya daɗe da rasuwa, har yanzu tana soya gyaɗa jikokinta na kai wa bakala, wato kantin unguwa. Tun rasuwar Iya ba ma haɗuwa sai Sallah ko makoki. Ranar Talata bayan la'asar na kama hannun yarinyar muka hau mata.

"A'a! Balarabe da kansa? Ku kawo wa mutumin Jidda kujera, tabarmarmu ba ta saba da manya ba."

"Yaya, ina wuni."

"Wunin ke nan. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Yarinyar nan ce aka tambaye ta asalinta a makarantar Indiyawa."

"Indiyawa!" Ta tafa hannu. "Allah mai iko. Abin da Iya ta kasa, Indiyawa sun iya. To ka gaya mata mana, ba kai ne kakanta ba?"

"Na manta."

"Ba ka manta ba. Mantuwa ta wanda ya riƙe ce."

Ta jawo yarinyar ta zaunar da ita a jikinta, ta shafa kanta. Yarinyar ta gaishe ta da Larabci. Yaya ta iya Larabci sarai, da shi take ciniki, amma ta ce labarin Iya bai taɓa fita da wani harshe ba, ba kuma a bakinta zai fara ba. "Kai ka toshe mata kunne, kai za ka yi tafinta. Zauna nan ƙasa."

Na zauna. Yaya ta fara daga zango na biyu tana faɗa ina juyawa, yarinyar tana rubutawa a littafinta da baƙaƙen Larabci. Da aka zo Abeshe ta tsayar da alƙalami ta tambayi sunan jaririyar da aka binne, Yaya ta faɗa mata. Tsakanin Fashir da Mai Wurno Yaya ta tsaya, ta ƙirga da yatsu, ta sake ƙirgawa. Ta ce akwai zango biyu a nan, sun ɓace mata. "Waɗannan sun bi Iya kabari. Suna wuyanka." Da aka ƙetare teku aka iso Jidda na ɗauka an gama, na fara lallubar sandata.

Yaya ta ce, "Saura zango ɗaya. Gaya mata akwai wani mutum da ya shigo gida da baƙo."

"Yaya, don Allah."

"Fassara."

Yarinyar tana kallon bakina. Da na so, da na ce mata addu'a ake yi mata, ba za ta sani ba, Yaya kuma ba ta ce za ta tona ba. Amma na gaji. Na fassara, kuma duk inda Yaya ta ce wani mutum, ni cewa na yi ni. Na faɗi takalmin, na faɗi maƙwabciya, na faɗi dokar da ta sa ubanta bai iya gaishe da gwaggonsa ba. Yaya tana saurare, ba ta gyara mini ko kalma ɗaya ba.

Da na gama, yarinyar ta dubi Yaya, ta kira ta yadda 'yan Hijaz ke kiran kaka mace, ta ce, "Sitti, garin farkon fa?"

Yaya ta kama kunnenta ta raɗa mata, sau uku, ta sa ta maimaita mata a nata kunnen har ta gamsu. Sannan ta dube ni. "Wannan ba ya son tafinta. Gaya mata kada ta faɗa maka. In kana so, ka je ka zauna cikin yara ka ji." Wannan ma ni na fassara.

Muna saukowa bene yarinyar ba ta kama hannuna ba. Sai da muka kai titi ta ce, "Sidi, ta yafe maka?"

"Ban roƙa ba."

"Shekara uku kuna gida ɗaya?"

"Shekara uku."

Kwana huɗu ina gilmawa ta ƙofar ɗakinta ina jin tana haddar zangunan, in ta ji motsina sai ta yi shiru. Na kai mata alewa, ta karɓa ta ce na gode, sunan kuwa ko harafinsa na farko.

Asabar ta zo. Malamar ta share mata wuri a gefen taswirar shinkafa, tayil ne kawai babu zane. Yarinyar ta je can ƙarshen ɗakin ta tsaya, ta ce za ta yi tafiyar kakar kakanta, taki ɗaya zango ɗaya. Aka miƙa mata abin magana. Ta ɗaga hannu ta yi wa mutanen garin addu'a yadda Yaya ta koya mata, sannan ta ce, "Kukar Maƙera."

Shi ne. Ba wani sabon abu ba ne, yana nan a kwance cikina shekara sittin, na danne shi da dutse. Ta ci gaba da takawa, Dikwa, Abeshe, Fashir. Da ta zo wurin zangunan da suka ɓace ta yi taki biyu ba ta ce komai ba, yaron da ya yi mata dariya ya tambayi dalili, ta ce an yar da su. Ta iso Jidda daidai ƙafar malamar. Suka tafa mata, ƙawarta ta rungume ta, mai kantin magani ya kama hannuna yana girgizawa kamar ni na yi abin kirki.

Malamar ta ɗago tabarau ta hango ni a baya. "Alhaji, ka ƙarasa mana. Garin nan naku, kogi suke sha ko rijiya? Me suke dafawa da Sallah?"

Yara wajen talatin suka juyo. Jikata ma ta juyo, a karo na biyu cikin mako guda, a ɗakin nan dai. Na dafa sanda na miƙe, don a gidanmu ba a amsa wa malami a zaune.

"Ban sani ba, malama. Wadda ta sani ta yi shekaru tana son gaya mini, ni na hana ta."

Malamar ta ce to a bar wa yarinyar wannan tambayar, ta je ta nemo. Jikata ta buɗe littafinta tana rubutawa. Ba ni ta kalla ba da ta ce ta san wadda za ta tambaya.